Darasi na 11: Sabon Kasko da Gishiri

Abin karantawa: 2 Sarakuna 2:19-22, Ezekiyel 34:17-22. Mai bi da darasi ya sa mutum biyu su karanta wuraren nan da ƙarfi tun ba a fara ba.

Labarin da ke gabanmu yau gajere ne, aya huɗu kaɗai, har mai karatu yakan tsallake shi da sauri domin ya kai ga manyan al'ajibai na gaba. Ba a daɗe da ɗauke Iliya zuwa sama ba, Elisha kuwa yana zaune a Yariko. Sai mutanen garin suka zo wurinsa da kuka. Gari dai ba laifi, kowa ya gan shi sai ya yaba, amma ruwan da suke sha yana cutarsu, ƙasarsu kuma ba ta riƙe abin da ta ɗauka. Annabin ya sa su kawo masa sabon kasko da gishiri a ciki, ya fita har inda ruwan yake ɓuɓɓugowa, ya zuba gishirin, ya sanar da sunan Ubangiji cewa ruwan ya warke. Marubucin ya ƙara da cewa har zamaninsa ruwan nan lafiya yake. Mu ma muna iya ƙarawa: maɓuɓɓugar tana nan a Yariko har yau, Larabawa suna ce da ita Ain Sultan, masu ziyara kuwa suna kiranta da sunan Elisha.

Akwai kalmomi biyu na Ibrananci a nan da ya kamata mu tsaya a kansu, gama masu juyi sukan sha wuya da su. Ta fari ita ce wadda mutanen Yariko suka kwatanta ƙasarsu da ita. Waɗansu sun juya ta da ma'anar rashin amfanin gona, amma asalinta ya fi haka zafi. Kalma ce ta ɓari da ta mutuwar 'ya'ya, irin wadda ake faɗa wa mace ko tunkiya da cikinta ya zube. Ashe ba tsami ko wari kaɗai suke kuka da shi ba, jariransu ne suke binnewa. Ta biyu ita ce wadda Ubangiji ya faɗi aikinsa da ita, watau warkarwa. Kalmar da ake warkar da majinyaci da ita ke nan. Ita ce Allah ya kira kansa da ita a Mara bayan ya daɗaɗa ruwa mai ɗaci (Fitowa 15:22-26), ita ce kuma aka mora sa'ad da Iliya ya gyara rusasshen bagade a dutsen Karmel (1 Sarakuna 18:30). A wurin Allah ruwa yana iya ciwo kamar mutum, yana kuma iya samun lafiya.

To, muna so mu ɗora labarin nan a kan wani gari na ƙasarmu da na zamaninmu, domin kada mu zaci maganar mutanen dā ce kawai.

A gabas da Fatakwal, inda ƙasa take sauka zuwa teku, nan ƙasar Ogoni take. Faɗinta wajen murabba'in kilomita 1,000 ne, ta ƙunshi Eleme da Gokana da Khana da Tai. Wanda ya girma a tudu sai a yi masa bayani kaɗan. A can ba a iya nuna iyakar ƙasa da ruwa da yatsa. Ƙoramu ne birjik suna ratsa juna, ruwansu gauraye ne na kogi da na teku, yana cikowa yana janyewa sau biyu kowace rana. A bakinsu akwai kurmin wani itace da ake kira mangurof, wanda ke tsirowa cikin laka da ruwan gishiri, saiwoyinsa a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Cikin saiwoyin nan kifi yake ƙyanƙyasa, nan ƙaguwa da jatan lande da kawa da ƙananan dodon koɗi suke zama. Maza su fita da kwalekwale da taru, mata kuwa in ruwa ya janye su shiga laka su tsinci dodon koɗi, su ci, su sayar, su biya kuɗin makaranta. Abin da gona da garke suke ga mutumin tudu, shi ne ƙorama ga mutumin Bodo, babban garin masunta na ƙasar Gokana.

An fara haƙar mai a ƙasar Ogoni a 1958. A 1990 mutanen suka rubuta kukansu suka miƙa wa gwamnati, a 1993 kamfanin Shell ya daina haƙa a ƙasarsu saboda tashin jama'a, ran 10 ga Nuwamba 1995 kuma gwamnatin soja ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal. Haƙa ta tsaya, amma manyan bututu masu kai ɗanyen mai zuwa Bonny suna nan suna ratsa ƙasar. A 2008 ɗaya daga cikinsu ya fashe a ƙoramar Bodo, mai ya yi ta kwarara mako bayan mako kafin a toshe. A watan Disamba na shekarar ya sake fashewa, ba a toshe ba sai Fabrairu 2009. Kowace cikowar teku ta kwashi man ta shiga da shi can cikin kurmi, kowace janyewa ta bar shi a laka da saiwoyi. Itacen nan kuwa ta saiwoyinsa yake shan iska, in mai ya shafe su sai ya shaƙe ya mutu a tsaye. Kurmi ya bushe, kifi ya ƙaura, matan da ke tsintar dodon koɗi suka koma gida hannu wofi.

A watan Agusta 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ta yi wata 14 a ƙasar Ogoni, bayan ta duba wurare fiye da 200. A Nisisioken Ogale, cikin Eleme, an tarar mutane suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da wani dafi da ake kira benzin, mai kawo ciwon daji, ninki fiye da 900 na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. A ƙarƙashin ƙasa kuma an sami tataccen mai yana iyo a kan ruwan da ke ciyar da rijiyoyin, kaurinsa santimita 8, wajen faɗin yatsa huɗu. Masu binciken suka ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Akwai wani bincike kuma da aka buga a 2019, wanda waɗansu masana biyu na ƙasar Suwizalan suka yi. Sun tarar cewa a Nijeriya, inda mai ya malala kusa da gidan mace kafin ta ɗauki ciki, haɗarin mutuwar jaririnta cikin watan fari yakan ninka wajen sau biyu. Sai mu koma mu sake karanta kalmar nan ta mutanen Yariko. Ba mu da bukatar ƙamus kuma domin mu gane ta.

Abu na fari da mutanen Yariko suka yi shi ne, sun buɗe baki. Kada mu raina wannan. Yariko gari ne mai suna, birnin dabino, kuma akwai tsohuwar la'ana a kansa tun zamanin Yoshuwa (Yoshuwa 6:26, 1 Sarakuna 16:34). Da sun ga dama da sun ce ƙaddara ce, abin da kakanni suka jawo ba mai kau da shi, su ci gaba da sha suna binnewa. Da kuma sun ga dama da sun rufe maganar domin kada baƙi su guji kasuwarsu. Ba su yi ko ɗaya ba. Sun haɗa kai, sun zo tare, sun faɗi mai kyau da mummuna a numfashi ɗaya. Muna jin waɗansu 'yan'uwa suna koyar da cewa mai bi ba ya faɗin mugun abu da bakinsa, wai faɗin ciwo rashin bangaskiya ne. Wannan koyarwa ba daga Littafi Mai Tsarki ta fito ba. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai tone shi.

Mutanen Bodo ma sun buɗe baki, suka kai ƙara har babban kotun Landan. Kamfanin ya amsa cewa malalar nan biyu daga lalacewar bututunsa ne. A watan Janairu 2015 aka shirya a kan fam miliyan 55: miliyan 35 aka raba wa mutum wajen 15,600 da abin ya shafa, miliyan 20 kuwa na gari ne baki ɗaya. Wani zai tambaya, ya kamata Kirista ya kai ƙara? Ai Bulus ya hana a 1 Korintiyawa 6. Amsarmu ita ce, a can Bulus yana magana a kan ɗan'uwa da ke jan ɗan'uwansa gaban alƙali saboda abin da dattawan ikilisiya za su iya kashewa. Shi kansa Bulus, da ya ga za a yi masa rashin gaskiya, ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar (Ayyukan Manzanni 25:11). Shari'ar Musa kuwa a fili take: wanda ya haƙa rami ya bar shi buɗe har san maƙwabcinsa ya faɗa, sai ya biya, haka kuma wanda ya kunna wutar da ta ci hatsin wani (Fitowa 21:33-34, 22:6). Ba a tambaya ko ya yi nufin ɓarna. Ramin nasa ne, wutar tasa ce. Neman diyya bisa gaskiya ba ramuwa ba ne.

Amma kuɗi ba ya wanke laka. Nan ne za mu juya ga Ezekiyel, kuma nan ne darasin yake da nauyi.

Duk wanda ya taɓa kai dabbobi shan ruwa da rani ya san hoton da annabin ya zana. Manya masu ƙarfi sukan riga isa, su sha garau su ƙoshi, sa'an nan su shiga tsakiyar tafkin da kofatonsu su dama shi, ƙanana da ramammu kuwa su zo su sha taɓo. Ubangiji ya ce zai hukunta wannan. A lura fa, farkon surar a kan makiyaya yake, watau sarakuna da shugabanni waɗanda suka ci kitse suka bar garke. Daga aya 17 kuwa shari'ar ta koma tsakanin tunkiya da tunkiya. Allah bai tsaya a kan manya kaɗai ba, ya shiga cikin garken.

Haka abin yake a ƙoramun nan. Laifin kamfani da ya bar bututu ya tsufa, da na hukumomin da suka karɓi rabonsu suka kau da kai, laifi ne babba, ba mu rage masa ko ƙwaya. Amma akwai kuma 'ya'yan ƙasa da suke huda bututu da dare, su kai ɗanyen mai cikin kurmi su dafa a manyan tukwanen ƙarfe, su ɗebi kananzir da man gas su sayar, su juye baƙin dagwalon da ya rage cikin ƙoramar da uwayensu suke kamun abinci. Masu binciken 2011 sun ga wuraren nan, sun kuma yi kashedi a kansu. Mun san abin da samarin za su ce: kifi ya ƙare, aiki babu, man kuma daga ƙarƙashin ƙasar ubanmu ya fito. Akwai gaskiya cikin kukansu, bai kamata wanda ya ƙoshi ya yi musu wa'azi da ɗaga hanci ba. Duk da haka tsohuwar da ta shiga laka ta fito da dodon koɗi mai warin kananzir, ba ruwanta da wanda ya zuba man, baƙo ne ko jikanta. Taɓo ɗaya take sha. Har aikin share ƙoramar Bodo ma, wanda aka shirya ta wurin sulhun da ofishin jakadancin Holan ya taimaka aka kafa, rigima a cikin gari ta tsai da shi a 2015, ba a kama shi sosai ba sai 2017. Shekara biyu ke nan mai yana ƙara nutsewa.

Yanzu mu dubi kaskon da gishirin. Me ya sa Elisha bai yi magana kawai daga inda yake zaune ba? Gishiri ba ya gyara ruwan sha, kowace mace ta san wannan, kuma cikin kasko ɗaya ba zai isa maɓuɓɓugar da ke shayar da gari ba. Alama ce. Gishiri yana tafe da hadayu, yana kuma tsaya wa alkawarin da ba ya ruɓewa (Firistoci 2:13), sabon kasko kuwa abu ne da ba a taɓa mora ga wani aiki ba. Ikon na Ubangiji ne, annabin ma bai ce shi ya warkar ba. Saboda haka muna gargaɗi da ƙarfi: kada wani ya ɗebi gishiri ko man shafewa ya zuba a rijiyar da ke warin fetur, ya yi addu'a, ya ce wa mutane su sha. Wannan gwada Allah ne, alhakin wanda ya mutu kuma yana wuyan wanda ya ce a sha. Tafasawa ma ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta mai da irin ruwan nan abin sha. Rijiya irin wannan rufe ta ake yi, a nemi ruwa a wani wuri.

Amma a lura da wanda ya kawo kaskon. Mutanen gari ne. Wani ya shiga ɗakin matarsa ya ɗauko sabon kaskon da take ajiya, wani ya ba da gishirinsa. Allah da ya tsaga Urdun a farkon surar nan ba ya rasa hanyar warkar da ruwa ba tare da su ba, duk da haka ya so hannunsu ya shiga. Haka ya yi a Mara, ya nuna wa Musa itace, Musa ne ya jefa. Haka Ubangijinmu Yesu ya yi a Kana, barori ne suka cika randuna.

Kaskon mutanen Bodo ba abin sha'awa ba ne ga ido. Ɗaruruwan samarin garin aka koya wa aikin, suka riƙa shiga laka har gwiwa in ruwa ya janye, suna tura ruwa cikin lakar da famfo a hankali domin man da ya nutse ya taso, su tare shi, su kwashe, su kai tudu. Taki ɗaya bayan taki ɗaya, cikin rana da wari, teku kuwa ba ta jiran kowa, in ta juyo dole a fita. Bayan wanki sai dashe. A garuruwan Ogoni da dama akwai ƙungiyoyin mata da suke tsintar 'ya'yan mangurof inda kurmi ya ragu da rai, su rene su cikin 'yan jakunkuna har su yi ganye, sa'an nan a kai su a kafa cikin laka ɗaya ɗaya da hannu. Suna kuma fama da wani baƙon itace mai kama da kwakwa, nipa, wanda aka kawo daga Asiya a farkon ƙarni na 20, mai saurin mamaye duk inda kurmi ya mutu, ba ya kuwa riƙe kifi kamar na asali. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da nata shirin share ƙasar Ogoni a garin Bodo a watan Yuni 2016, an yi waɗansu ayyukan ruwan sha da na dashe, an kuma yi ta kuka a kan jinkiri da yadda kuɗi yake tafiya. Macen da ta dasa itacen nan tana da shekara hamsin, mai yiwuwa ne ba za ta ga kurmin ya koma yadda ta san shi tana yarinya ba. Tana dasawa duk da haka. A ganinmu wannan ya fi kama da bangaskiyar da Ibraniyawa 11 take yabo fiye da yawancin abin da ake kira bangaskiya a dandalin taro.

Abu ɗaya ya rage a labarin. Elisha bai bi gida gida yana zuba gishiri a tuluna ba, ya tafi mafarin ruwan. In ba a gyara tsohon bututu ba, in ba a kashe wutar da ke cikin kurmi ba, wanda ya wanke laka yau zai sake wanke ta baɗi. Mafarin kuwa yana da nisa fiye da yadda muke zato. Kogin Kaduna yana zuba cikin Kwara, Binuwai ta sadu da ita a Lakwaja, dukansu kuma su gangara su watsu cikin ƙoramun bakin teku. Da yawa daga cikin masu karanta darasin nan ma ba a tudu suke ba. Suna Fatakwal da Warri da Ikko, a bariki, a kasuwa, a kwata, a garejin gyaran mota, ƙorama tana bayan gidansu. Jini da tumbin da ake turawa cikin ruwa daga mahauta, baƙin man da makanike yake juyewa a lambatu, leda da sharar da ake jira ruwan sama ya kwashe, bayan gida da aka kafa a bisa ruwa, duk kofato ne cikin tafki. Ba mu da bututu, amma muna da ƙafa. Allah da ya umarci Isra'ila su keɓe wuri a bayan zango, kowa ya riƙe abin tona ƙasa ya rufe ƙazantarsa, dalilin da ya bayar shi ne, shi kansa yana yawo a tsakiyar zangon (Maimaitawar Shari'a 23:12-14). Bai ga maganar ta yi ƙanƙanta ko ƙazanta da za a sa ta cikin Littafinsa ba, bai kamata ta fi ƙarfin taron dattawan ikilisiya ba.

Mai bi da darasi ya ba jama'a lokaci su yi magana a kan waɗannan. Ina ruwan da ke fita daga gidan sujadarmu da gidajenmu yake ƙarewa, su wane ne kuma suke sha ko kamun kifi a can? In ba wanda ya sani, a zaɓi mutum biyu su bi lambatun da ƙafa cikin makon nan su kawo labari. In ɗan ikilisiya yana cin abinci ta sana'ar da ke ɓata ruwan jama'a, ba shi kuma da wata, me ya wajaba a kan dattawa, me kuma ya wajaba a kan masu hali na cikinmu? Akwai aikin gayya na share ƙorama ko lambatu da maƙwabtanmu Musulmi da sauran mutanen unguwa suka riga suka fara, wanda mu ba mu fita ba?

A yi addu'a domin masunta da matan Bodo da Ogale, domin samarin da ke cikin kurmi su sami sana'ar da za su ci ba tare da ɓarna ba, domin kuma waɗanda kuɗin gyara yake bi ta hannunsu. Kafin mako mai zuwa kowa ya karanta Ezekiyel 47:1-12, ya lura da inda ruwan ya fito, da abin da masunta suke yi a aya 10.